Zango mai tashi a dausayi: tambayoyi da amsoshi daga Okabango zuwa Baturiya

Hotunan zangon masu yawon buɗe ido a daji suna ta yawo a Facebook: tanti a bakin ruwa, da gado da farin zane a ciki, ga giwa tana wucewa ta bayansa. Matasa a yankin Haɗejiya, Kirikasamma da Guri sun fara tambaya ko wannan sana'a ce da za ta yiwu a dausayinmu, irin na Baturiya. Amsa ta gaskiya sai an fara sanin yadda abin yake a inda ya kafu.

Mene ne zango mai tashi, kuma me ya raba shi da masaukin daji?

Masaukin daji gini ne, yana nan inda yake ko namun dawa sun ƙaura. Zango mai tashi kuwa bin namun yake yi. Ana kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, sai a tashi. Ranar tashi baƙi suna fita kallo da sassafe a motar da ba ta da gilashi a gefe, su kuma ma'aikata su kwance tantuna, su loda babbar mota, su riga su zuwa sabon wurin. Kafin la'asar an kafa komai, an ɗora ruwan wanka.

Abin da ya sa ake kiransa na alfarma shi ne baƙo ba ya ɗaga ko tsinke. Tantin yana da tsayin da mutum zai miƙe tsaye, da gado na ainihi, da fitila mai aiki da hasken rana. A bayansa an kewaye wuri da tamfol: makewayi na rami da aka ɗora wa mazauni, da bokiti mai famfo a gindi da ake jansa sama da igiya. Bokitin yana ɗaukar kamar lita 20, wankan minti uku zuwa huɗu ke nan, don haka ana jiƙa jiki, a kashe famfo, a sa sabulu, sannan a sake buɗewa. Girki a kan garwashi ake yi, har da burodi a tukunyar ƙarfe. Baƙi ba sa yawa, galibi shida zuwa takwas. In an tashi a cike rami, a kwashe shara da toka, kada a bar alamar an kwana.

A ina aka fi yin wannan?

Dausayin Okabango a arewacin Botsuwana ne gaba. Daga garin Maun ake shiga, a mota ko a ƙaramin jirgin sama, kuma yawancin tafiye-tafiyen suna ratsa gandun Moremi da aka kafa a 1963. A 2014 UNESCO ta sa Okabango cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na 1,000 a jerin. Akwai kuma filin Busanga da fadamar Bangweulu a Zambiya, da Mana Pools a bakin kogin Zambezi a Zimbabuwe. Mafi kusa da mu shi ne gandun Zakouma a kudu maso gabashin Chadi, inda ake kafa tantuna da rani kawai, domin da damina ruwa yana shanye hanyoyi.

An ce a Okabango da rani ruwa yake cika. Yaya haka?

Wannan shi ne sirrin wurin, kuma mutumin Haɗejiya zai fi kowa saurin gane shi, tunda mu ma ruwan da ke cika mana fadama ba duka ba ne a kanmu ya sauka. Ruwan Okabango a tsaunukan Angola yake sauka, ya ratsa Namibiya, ya shigo Botsuwana wajen Maris da Afrilu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, ga ciyayi da yashi, sai ruwan ya ɗauki kusan wata huɗu kafin ya ci tazarar kilomita 250 zuwa Maun. Shi ya sa cikar tana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da babu ɗigon ruwan sama kuma dajin da ke kewaye ya bushe. Namun dawa ba su da zaɓi sai su taru a bakin ruwan. Kogin ba ya kai wa teku, fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwansa rana da tsirrai ne ke shanyewa.

Abin da ke ruɗa baƙi daga nan shi ne sanyi. Yuni da Yuli hunturunsu ne, da asuba sanyin yakan kusa daskarar da ruwa. Wanda ya tafi da kaftani kaɗai zai sha wuya a buɗaɗɗiyar mota. Oktoba kuwa zafi ne mai tsanani, amma a lokacin namun sun fi taruwa.

Me ake gani, kuma ta yaya?

Giwa, ɓauna, dorina, kada, raƙumin dawa, jakin dawa, zaki, damisa, kura da kyarkeci. Botsuwana ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, kusan 130,000. Ana tashi wajen ƙarfe 5:30, a fita da fitowar rana, a dawo wajen 11, domin da rana ta take dabba tana shiga inuwa. A sake fita wajen 3:30 zuwa faɗuwar rana. A cikin gandun gwamnati irin Moremi ba a sauka daga hanya kuma ba a yawon dare, a filayen da kamfanoni suka yi haya ne ake yarda da hakan.

Ana kuma shiga ruwa a siririn kwale-kwale da suke kira mokoro. Mutum biyu suna zaune, matuƙi yana tsaye a baya da doguwar sanda. Da can da gungumen itace ake sassaƙa shi, yanzu yawanci na roba mai tauri ne don a bar manyan itatuwa. Babu ƙarar inji, shi ya sa ake kusantar tsuntsu bai tashi ba.

Babu shinge a zangon. Ba haɗari ba ne?

Akwai haɗari, kuma kusan kullum daga karya doka yake fitowa. Zaki da kura ba su cika kula rufaffen tanti ba, amma wanda ya bar ƙofa a buɗe ko ya kwana a waje ya jawo wa kansa. Ba a ajiye abinci a tanti, ko kilishi ko lemo, saboda kura tana bin ƙanshin nama, giwa kuma tana bin 'ya'yan itace. Da dare ba a fita sai da ɗan rakiya da tocila. In aka yi kiciɓis da zaki ba a gudu, gudun ne ke nuna masa abin farauta ne.

Dorina ce ta fi ba matuƙa tsoro. Da dare take fitowa kiwo, tana da hanyarta da take bi kullum, kuma in ta firgita ruwa mai zurfi take nufa, duk abin da ke tsakaninta da shi ta bi ta kansa. Saboda haka ba a kafa tanti a kan hanyarta, matuƙi kuma yana bin wuri mara zurfi, ya kauce wa gurbi.

Musulmi zai samu matsala?

Ba zai samu ba in ya yi magana tun wajen biyan kuɗi, domin ana sayen abincin tafiyar gaba ɗaya kafin a shiga daji, babu kanti a ciki. Ya faɗi cewa ba ya cin alade, ba ya shan giya, yana son naman yanka ko kifi. Alwala da buta a cikin zango, kada ya kuskura ya tsuguna a bakin ruwa, wannan tsugunon shi ne abin da kada ke jira. Sallar asuba a cikin tanti ko kusa da wuta.

Me ya sa yake da tsada haka?

Kwana ɗaya yana cin ɗaruruwan daloli a kan mutum ɗaya. Ma'aikata sukan kusa kai yawan baƙi, ga mota biyu, ga kuɗin shiga gandu da hayar wurin kwana. Sannan Botsuwana da gangan ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa, don kada motoci su cika daji. Ɗan Najeriya zai ƙara da biza, da katin rigakafin shawara, da kuɗin jirgi. Ƙananan jiragen da ke tashi daga Maun ba sa karɓar akwati mai tauri, sai jaka mai laushi, kuma nauyin bai cika wuce kilo 20 ba.

To mu a Jigawa me muke da shi?

Tsuntsaye. Babu giwa babu zaki a dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma duk wanda ya yi wa baƙo alkawarinsu ya kashe sana'ar tun ba ta fara ba. Amma abin da ke akwai ba ƙarami ba ne. Inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama kogin Yobe, nan ne ɗaya daga cikin manyan masaukan tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai da Rasha suna gudun sanyi. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000, Baturiya da ke Kirikasamma ta biyo baya a 2008. A ɓangaren Yobe akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona. Ga kuma namu na gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela. Gauraka ya yi ƙaranci sosai, kada a yi alkawarinsa. Shamuwa ta damina ce, ba za a same ta da hunturu ba. Shi kansa jan baki da manomin shinkafa ke kuka da shi, baƙo yakan tsaya baki buɗe yana kallon garkensa da yamma.

Dausayin ya canza, dole mai jagora ya san haka. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta ragu, wasu mashigai kuma ba sa bushewa ko da rani. Wannan ruwan da ba ya janyewa shi ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyi. Tafkin da ya tara agwagi bara yana iya zama kachalla zalla bana. Abin takaici ne, kuma shi ne dalilin da ya sa tashi da zango ya fi gina ɗaki amfani a nan.

Wane lokaci ya fi?

Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ja baya, hanya ta bushe, baƙin tsuntsaye sun sauka. Daga Agusta zuwa Oktoba mota ba ta shiga wurare da yawa. Matsalar hunturu ita ce hazo: ranar da ya yi kauri, hangen nesa da hoto duk sun lalace, don haka a shirya kwana biyu, kada a dogara da safiya ɗaya.

Yaya za a shirya zangon kwana biyu na mutum shida?

Izini ne farko. A je wurin jami'an gandun, a gai da dagaci da mai unguwa, a nemi sarkin ruwa, a tambaye su halin tsaro a wannan makon. Wurin nan gonar wani ce, makiyayar wani, matsuntar wani. Mai kwale-kwale da ɗan jagora daga ƙauyen za a ɗauka, a yi ciniki tun kafin a tashi.

Kwana ɗaya ko biyu kafin zuwan baƙi, mai jagora ya je ya ga inda tsuntsayen suke kwana da inda suke kiwo. Wurin zango ya zama tudu mai yashi, ƙarƙashin goruba ko bagaruwa, nesa da burtali, kuma aƙalla taku 200 daga inda tsuntsaye ke sauka. Ramin makewayi kada ya gaza mita 30 daga ruwa, ya kasance ta inda iska ke tafiya.

Baƙi shida suna buƙatar ma'aikata huɗu: mai jagora, mai dafa abinci, mai kula da tanti, direba. Tanti uku na baƙi masu ragar sauro da ƙasa a ɗinke, katifa da bargo biyu ga kowa. Ruwan sha lita 4 ga mutum a yini, wato jarka biyar masu lita 25 don mutum goma a yini uku. Na wanka da girki a ƙiyasta lita 20 ga mutum a yini, daga rijiyar burtsatse za a ɗebo, a dafa na wankan. A yi girki da gas, kada a sare itacen gandu. Janareta ya zauna a gida, ƙararsa tana korar abin da aka zo gani. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi dacewa, wanda ya fi shi ƙarfi yana rawa a hannu cikin kwale-kwale. Tufafi masu launin ƙasa, ban da fari ƙal da ja.

A fita bayan sallar asuba, a zauna ta yadda rana za ta kasance a bayan mai kallo, in ba haka ba duk tsuntsu baƙi zai fito. In garke ya ɗaga kai ya daina kiwo, an matsa da yawa, a tsaya nan. Kada a yarda yara su jefa dutse don tsuntsaye su tashi a ɗauki hoto: tsuntsun da ya yi dubban kilomita yana tara ƙiba ce ta komawa, kowane firgici yana cinye ta.

Me ya fi ɓata irin wannan tafiya?

Kwale-kwale da aka cika wa kaya, shi ne mai kisa. Rigar ruwa ga kowa, kada a wuce adadin da matuƙi ya faɗa, kada a shiga ruwa bayan magariba ko iska tana kaɗawa. Sai tsargiya: ƙwayarta tana fitowa daga dodon koɗi a ruwan da ba ya gudu, ta shiga ta fata, don haka ba wanka ba tsoma ƙafa, in dole ne a sa takalmin roba mai tsawo. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti, akwai magani. Sauro yana nan ko da hunturu, baƙon da ya zo daga waje ya fara shan maganin kariya kafin ya iso. A zazzage takalmi da safe saboda kunama. In maciji ya sari mutum, ba tsaga ba ɗauri, a hana gaɓar motsi a kai shi asibiti, kuma tun kafin a kafa tanti a san asibitin da ke da allurar dafi da tsawon hanyar zuwa can. Mota kuma tana kafewa a laka mai busasshen sama da ɗanyen ciki, saboda haka a riƙe shebur, igiyar ja da katako biyu, direba kuma ya taka wurin da ƙafa kafin ya shiga da mota.