Idan hotuna sun kai dubbai: tambayoyi kan saitin gina surar wuri a kwamfuta

Ɗalibai a Samaru da ke son adana surar ganuwar Zazzau ko Masallacin Juma'a na Babban Gwani a kwamfuta daga hotuna, ta hanyar da ake kira Gaussian Splatting, kan ci karo da matsala ɗaya. Ƙaramin gini yana fita tsaf, amma da zarar hotuna sun kai dubbai sai aikin ya dagule.

Me ake horarwa ne?

A hanyar Gaussian Splatting, wadda masu bincike na cibiyar Inria a Faransa suka fitar a 2023, ana cika wurin da miliyoyin ɗigogi masu launi. Manhajar COLMAP ce ke fara gano inda kyamara ta tsaya. Daga nan, a kowane zagaye kwamfuta na ɗaukar hoto ɗaya, ta gwada shi da abin da ɗigogin suka zana, ta gyara su.

Me ya sa saitin asali ba ya wadatarwa?

Lissafi ne. Saitin ya zo da zagaye 30,000. Mai hotuna 200, kowane hotonsa za a duba shi sau 150. Wanda ya bi ganuwa daga Ƙofar Doka da jirgi maras matuƙi ya tara 5,000, sau shida kacal za a duba kowanne.

To, a ƙara zagaye shi ke nan?

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, kuma abin na damuna, don ana ƙona wuta da man janareta a banza. Sauran saituna an ɗaure su ne da wancan 30,000. Ƙara ɗigogi yana farawa a zagaye na 500, ana yinsa duk bayan 100, ya tsaya a 15,000. Duk bayan zagaye 3,000 kuma ana dusashe ɗigogin gaba ɗaya don a zubar da marasa amfani. Ga mai hotuna 5,000, za a dusashe su tun kafin a gama duba dukkan hotunan ko sau ɗaya. Saurin motsin ɗigogi ma yana kaiwa ƙarshen raguwarsa a 30,000. Idan ka ninka zagaye sau biyar, ka miƙa waɗannan lokutan tare da shi.

Nesa ta yi kyau, abin da ke kusa ya watse. Me ya faru?

Saurin motsin, wanda ke farawa daga 0.00016, ana ninka shi da faɗin wurin. A babban fili takun ya yi wa zanen jikin bango girma. Rage shi zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko cikin goma, haka ma saurin canza girman ɗigogi.

Idan ma'ajiyar GPU, wato katin sarrafa hoto na kwamfuta, ta cika fa?

Masu hanyar sun ba da shawarar mai gigabait 24, kuma manhajar Gaussian Splatting da kanta tana rage hoton da faɗinsa ya wuce fiksil 1,600. Ɗaga ma'aunin ƙara ɗigogi sama da 0.0002 don su rage yawa. In ya ƙi, raba wurin unguwa-unguwa. Haka aka yi a wata hanyar gina sura mai suna Block-NeRF a 2022 da hotuna miliyan 2.8 na San Faransisko.

Ta yaya zan gane gyaran ya yi?

Ware hoto ɗaya cikin kowane takwas, kada a horar da shi, ka auna sakamako a kansa. Sauya saiti ɗaya a kowane gwaji. Kuma kada ka gauraya hotunan ranar hazo da na ranar da gari ya washe, don bambancin hasken kan bar ɗigogi suna yawo a iska.