Roger Moore da kayan tarihin fina-finansa

Sir Roger George Moore ɗan wasan kwaikwayo ne na ƙasar Birtaniya. An haife shi ranar 14 ga Oktoba, 1927, a unguwar Stockwell da ke kudancin Landan, ya rasu ranar 23 ga Mayu, 2017, a Crans-Montana ta ƙasar Suwizalan yana da shekara 89. An fi saninsa da fitowa a matsayin James Bond, ɗan leƙen asirin nan mai lamba 007, a fina-finai bakwai tsakanin 1973 da 1985, ko da yake kafin nan ya yi shekara goma sha biyar yana jan zarensa a talabijin. Tsawon aikin nasa ya bar tarin kaya da masu sha'awar kayan tarihi ke nema har yau: fostocin silima, motoci, agogo, kwat, kayan wasan yara, har da takardun koyar da saƙa. Wanda ya jera su bisa shekarunsu zai ga cewa tun daga farko abin da aka riƙa sayarwa game da Moore shi ne kamanninsa, wato yadda tufa ke zama a jikinsa da yadda yake tsayuwa kusa da mota.

Farkon tashi da takardun saƙa

Mahaifinsa ɗan sanda ne, kuma shi kaɗai iyayensa suka haifa. Ya shiga harkar fim ta ƙofar baya, cikin 'yan cika fage a fim ɗin Caesar and Cleopatra na 1945. Darakta Brian Desmond Hurst ya ga alamar zai yi abin kirki, ya ɗauki nauyin karatunsa a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan. A can ya haɗu da Lois Maxwell, wadda daga baya ta fito a matsayin Moneypenny, sakatariyar ofishin Bond, a duka fina-finansa bakwai. Aikin soja na dole ya katse masa hanzari a 1946, ya yi aiki a Jamus har ya kai muƙamin kyaftin.

Da ya dawo babu wani aikin a zo a gani, sai ya koma tallar kaya. A farkon shekarun 1950 hotonsa ya riƙa fitowa a bangon ƙananan takardun da kamfanonin zaren ulu ke bugawa don koya wa matan gida yadda ake saƙa suwaita. Ga shi nan saurayi, gashi a kwance, sanye da rigar sanyi, wani lokaci da lofe a hannu. Abokinsa Michael Caine ya daɗe yana tsokanarsa da wannan. A lokacin kuɗin takardun bai taka kara ya karya ba, kuma yawancinsu sun ƙare a kwandon shara, shi ya sa waɗanda suka tsira suka zama abin nema. Su ne mafi tsufa cikin kayan tarihin da ke ɗauke da fuskarsa.

A 1954 kamfanin MGM na Amurka ya ɗauke shi kwantiragi. Ya fito tare da Elizabeth Taylor a The Last Time I Saw Paris, sannan da Lana Turner a Diane na 1956. Wannan na ƙarshe bai yi kasuwa ba, kamfanin ya sallame shi. A fostocin wannan zamani sunansa ƙarami ne, a ƙarƙashin na manyan taurari.

Talabijin

Talabijin ce ta ɗaga shi. Ya fito a Ivanhoe, shirin Birtaniya mai kashi 39 da aka nuna a 1958 da 1959, yana kan doki cikin sulke. Daga nan ya koma Amurka ya yi The Alaskans, sannan Maverick, inda aka kawo shi ya cike gurbin James Garner a matsayin ɗan uwan jarumin da ya yi zama a Ingila.

Babban rabonsa ya zo a 1962 da shirin The Saint na kamfanin ITC, wanda Lew Grade ke shugabanta. An gina shirin a kan littattafan Leslie Charteris, Moore kuma ya fito a matsayin Simon Templar, ɗan duniya mai ladabi da ke damfarar azzalumai. An yi kashi 118 zuwa 1969, 71 na farko baƙi da fari, sauran 47 masu launi, aka sayar da shi ga ƙasashe da dama. Moore da kansa ya ba da umarnin wasu daga ciki. Alamar shirin wani ɗan zane ne na mutum siriri kamar tsinke, da zobe yana shawagi a saman kansa, irin wanda masu zanen coci ke yi wa waliyyansu. Wannan ɗan zane ya hau kan littattafai, katunan cingam, faifan kiɗa da kwalayen kayan wasa, kuma da shi ake gane kayan shirin ko daga nesa.

Sai kuma motar. Masu shirin sun fara neman Jaguar E-Type, kamfanin bai ba su ba, Volvo na ƙasar Suwidin ya yi wuf ya ba da farar P1800. Aka liƙa mata lambar ST 1, ta zama kamar abokiyar wasan jarumin. Moore ya so motar har ya mallaki irinta. A 1965 kamfanin Corgi mai ƙera ƙananan motocin wasa na ƙarfe ya fitar da kwafinta da zanen waliyyin a kan murfin inji. Ga masu tarawa, kwalin ma yana da daraja kusan kamar motar, domin yaran da aka saya wa a lokacin yaga kwali suke fara yi.

Shirinsa na ƙarshe kafin Bond shi ne The Persuaders! na 1971 zuwa 1972, kashi 24, tare da Ba'amurke Tony Curtis. Moore ya fito a matsayin Lord Brett Sinclair, ɗan sarauta mai kuɗi. A jerin sunayen ƙarshen shirin an rubuta cewa shi ne ya tsara tufafin da yake sawa, abin da ba kasafai ake gani ba ga jarumi namiji. Shirin bai karɓu a Amurka ba, amma ya yi farin jini ƙwarai a Faransa da Jamus. Motarsa a ciki, Aston Martin DBS ruwan ɗorawa mai lamba BS 1, an sayar da ita a gwanjon kamfanin Bonhams a 2014 kan fiye da fam dubu 500.

Shekarun Bond

Moore yana da shekara 45 lokacin da Live and Let Die ya fito a 1973. Shi ne na uku da ya riƙe matsayin a jerin fina-finan kamfanin Eon, bayan Sean Connery da George Lazenby. Sauran shida su ne The Man with the Golden Gun a 1974, The Spy Who Loved Me a 1977, Moonraker a 1979, For Your Eyes Only a 1981, Octopussy a 1983, da A View to a Kill a 1985, wanda ya yi yana da shekara 57. Bond ɗinsa ya fi na Connery raha da zolaya, yana yawan ɗaga gira ɗaya, kuma na'urori sun fi yawa a zamaninsa. Wannan ya sa kayan da suka rage daga fina-finansa suka yi yawa.

Agogon Rolex Submariner na Live and Let Die misali ne mai kyau na yadda darajar irin waɗannan kaya take. A fim ɗin agogon yana da maganaɗisu, kuma bakinsa na juyawa kamar zarto ya yanke igiya. Don a samu bakin ya juya a gaban kyamara, masu haɗa kayan fim sun cire injin agogon gaba ɗaya. Ke nan ba ya nuna lokaci. Duk da haka an sayar da shi a gwanjon Phillips a Janiba a 2015 kan faran dubu 365 na Suwizalan, ninkin ba ninkin kuɗin mai aiki irinsa. A fim ɗin dai Moore ya ɗaura Pulsar na kamfanin Hamilton, ɗaya daga cikin agogon farko masu nuna lokaci da jajayen lambobi, sannan daga 1977 aka koma Seiko.

Bindigar zinare ta fim ɗinsa na Bond na biyu, The Man with the Golden Gun, ba ta Bond ba ce, ta bos ce, wato Scaramanga, wanda Christopher Lee ya fito a matsayinsa. Ana harhaɗa ta ne daga alƙalami, abin kunna taba, gwangwanin sigari da maɓallin hannun riga. A 2008 aka gano an sace ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙera don fim ɗin daga wani ɗakin ajiya a situdiyon Elstree, aka ƙiyasta kuɗinta fam dubu 80.

Labarin da ya fi kowanne daɗin ji shi ne na farar Lotus Esprit ta The Spy Who Loved Me, motar da ta faɗa teku ta rikiɗe ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa. An ɗauki tseren kan titi a tsibirin Sardiniya na Italiya, na cikin ruwa kuma a Bahamas. Wadda aka nutsar gangar mota ce kawai da wani kamfanin Florida ya mayar jirgi. Ba ta da tayoyi, ruwa na cika cikinta, kuma wani tsohon sojan ruwan Amurka ne ya tuƙa ta sanye da kayan nutso. Moore bai shiga ruwa da ita ba. Bayan an gama yawon talla da ita aka ajiye ta a wani sito a Long Island kusa da New York. Kuɗin haya ya ƙare, ba wanda ya zo, sai aka yi gwanjon abin da ke cikin siton a rufe a 1989. Wasu mata da miji suka saya kan kimanin dala 100 ba tare da sun san abin da ke ciki ba. A Satumba 2013 aka sayar da ita a Landan kan fam dubu 616, daga baya aka ji cewa Elon Musk ne ya saya. Ita ma Corgi ya yi ƙaramin kwafinta mai fitar da fukafukai da harba 'yan rokoki na roba, ya kuma sayu sosai.

An ɗauki babban ɓangaren Octopussy a birnin Udaipur na Indiya. Masu kallon fina-finan Indiya za su gane Kabir Bedi, wanda ya fito a matsayin Gobinda, ƙaton yaron bos mai rawani.

Fostoci

A zamanin fina-finan Moore, fostar silima ta Birtaniya a kwance take, inci 30 a tsaye da 40 a faɗi, ta Amurka kuwa a tsaye, inci 27 da 41. A lokacin akwai kuma ƙananan hotuna takwas-takwas da ake kafewa a zauren shiga silima. Ba a buga su don a ajiye ba. A ninke aka riƙa aika fostocin gidajen silima, shi ya sa layin ninki a fostar shekarun 1970 ba aibi ba ne, yakan ma taimaka wajen bambanta ta asali da bugun baya. Robert McGinnis ya zana ta fina-finai biyun farko, Bob Peak ya zana ta The Spy Who Loved Me. Akwai wata ta A View to a Kill da Vic Fair ya zana, Moore cikin farar kwat tare da Grace Jones, 'yar wasan da suka fito tare a fim ɗin, wadda aka janye kafin ta yaɗu, ƙarancinta ya sa ta yi tsada.

A Gana, masu yawon nuna bidiyo na shekarun 1980 da 1990 sukan sa a zana musu fosta da hannu a kan buhun fulawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce ta The Spy Who Loved Me, mai ɗauke da wani ƙaton jan kifi kusa da jarumin.

Sauran fina-finai

Moore ya sha faɗin cewa The Man Who Haunted Himself na 1970 ne fim ɗin da aka bar shi ya nuna iyawarsa, inda ya fito a matsayin mutum biyu. Bai yi kasuwa ba, kayansa ma ba su da yawa. Gold na 1974 da The Wild Geese na 1978, wanda ya yi tare da Richard Burton da Richard Harris, a Afirka ta Kudu aka ɗauke su lokacin mulkin wariyar launin fata, kuma hakan ya jawo suka daga masu adawa da wannan mulki. Fostocinsu na nuna sojojin haya da ma'adinai, ba su nuna wannan ɓangare na labarin. A The Cannonball Run na 1981 ya yi wa kansa shaƙiyanci, ya fito a matsayin wani attajiri da ke ganin shi ne Roger Moore.

Gwanjon 2023

Daga 1991 ya zama jakadan asusun UNICEF, bayan Audrey Hepburn ta ja ra'ayinsa, kuma saboda aikin agaji ne Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir a 2003. A 2007 aka sa tauraronsa a titin taurari na Hollywood, a gaban gini mai lamba 7007. Bayan rasuwarsa situdiyon Pinewood ya sa wa ɗaya daga cikin zaurukan ɗaukar fim sunansa.

Ranar 4 ga Oktoba, 2023, shekara hamsin da fitowar Live and Let Die, iyalinsa suka fitar da kayansa na kansa a gwanjon Bonhams da ke titin New Bond a Landan. An tara fiye da fam miliyan ɗaya. Akwai agogo, fostoci, kayan zamiya a kan ƙanƙara, da allon shaidar tauraronsa na Hollywood, amma tufafi ne suka cika wurin. Tarihin aikinsa ana iya bin sa ta teloli uku: Cyril Castle na Landan, wanda ya ɗinka masa tun zamanin The Saint har fina-finan Bond biyu na farko, sai Angelo na birnin Rum a ƙarshen shekarun 1970, zamanin faffaɗar kwala da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, sannan Douglas Hayward a fina-finai ukun ƙarshe. Cikin abin da aka sayar a ranar har da kwat ɗin dare da Hayward ya ɗinka masa don A View to a Kill, fim ɗin da ya hau hasumiyar Eiffel ta Faris yana bin Grace Jones da gudu.