Takarar kansila a biranen Amurka

Takarar kansila a biranen Amurka ita ce neman kujera a majalisar birni, wato majalisar da take yin dokokin cikin gari, take amincewa da kasafin kuɗin shekara, take kuma sa ido a kan yadda ake kashe harajin da mazauna suka biya. Ta wata fuskar aikin ya yi kama da na kansilan mazaɓa a ƙaramar hukuma, sai dai birni a Amurka ya fi dogara da kuɗin da yake tarawa daga mazaunansa, kuma galibi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a ƙarƙashinsa suke, shi yake biyan albashinsu. Wannan ne ya sa alƙawura biyu suka fi yawa a bakin 'yan takara: tattalin dukiyar jama'a, da biyan buƙatun unguwa irin su cike ramukan titi, gyaran fitilu, kwashe shara da yashe magudanar ruwa. A wurin yaƙin neman zaɓe alƙawuran biyu suna da daɗin ji, amma bayan rantsuwa sukan ci karo, domin kowane titi da aka gyara kuɗi ne, kuma mai ƙuri'ar da yake neman gyaran shi ne dai wanda ba ya son a ƙara masa haraji.

Tsarin majalisa da yadda ake takara

Girman majalisun ya bambanta ƙwarai. Ta New York tana da kujeru 51, ta Chicago 50, amma ta Los Angeles kujeru 15 kawai take da su ga mutane kusan miliyan huɗu, yayin da ƙananan garuruwa da yawa suke da biyar ko bakwai, kuma kansilolinsu suna riƙe da sana'o'insu, alawus kawai ake ba su. A wasu birane magajin gari ne yake riƙe da ragamar mulki, shi yake rubuta kasafi ya kawo majalisa. A wasu kuma majalisa ce take ɗaukar ƙwararren manajan birni ya gudanar da ma'aikatu, tsarin da ya yaɗu bayan garin Dayton na jihar Ohio ya rungume shi a 1914. A mafi yawan birane ba a rubuta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'ar kansila, ko da yake New York tana yin zaɓen nata ne da jam'iyyu.

Bambancin da ya fi shafar zancen unguwa shi ne yadda ake raba kujerun. Akwai kansilan da mazaɓa ɗaya take zaɓa, akwai kuma wanda dukan gari yake zaɓa. Masu son tsari na biyu suna cewa yana hana kowa jan ruwa zuwa gonarsa, masu sukarsa kuwa suna cewa yana ba unguwannin masu hali da mafi rinjaye damar kwashe duk kujeru, har dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965, musamman bayan gyaran da aka yi mata a 1982, ta zama makamin da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka yi ta kai ƙara da shi don a koma tsarin mazaɓu.

Sharuɗɗan tsayawa ba su da yawa: ɗan takara ya zama mazaunin wurin, mai rajistar zaɓe, ya tara sa hannun mutane ko ya biya kuɗin fom. Yawancin aikin kuwa na ƙafa ne, bin gida-gida da halartar tarukan ƙungiyoyin unguwa. Da yake zaɓen birni sau da yawa ba ya zuwa tare da na shugaban ƙasa, masu fitowa kaɗan ne, kuma mafi yawansu dattawa ne da masu gidan kansu, wato mutanen da takardar harajin gida take isa hannunsu kai tsaye. Duk ɗan takarar da ya san lissafi ya san da su zai fara magana. Wasu birane sun nemi rage tasirin masu kuɗi: New York tana ƙara dala 8 daga baitulmali a kan kowace dala ta ƙananan gudunmawar mazauna, Seattle kuma tun 2017 take raba wa masu zaɓe takardu huɗu na dala 25 su ba ɗan takarar da suke so.

Iyakar hannun kansila a kasafi

Abin da ba a cika faɗa a kan dandamali ba shi ne ƙanƙantar filin da kansila yake da shi. Kuɗin shiga na birni suna fitowa ne daga harajin gidaje da filaye, harajin sayayya, kuɗin ruwa da lasisi, da tallafin jiha da na tarayya, kuma dokar jiha ce take ƙayyade irin harajin da birni zai iya sawa. A Kaliforniya, gyaran tsarin mulki mai lamba 13 da masu zaɓe suka amince da shi a 1978 ya tsayar da harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ya kuma hana ƙimar tashi fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara har sai an sayar da gidan. A ɓangaren kashewa kuma, albashin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da fansho, da biyan basussukan da aka ci shekarun baya, sun riga sun cinye kaso mai tsoka kafin a zo kan titin unguwa. Dokokin jihohi galibi suna tilasta wa birni daidaita kasafinsa na yau da kullum, don haka idan giɓi ya bayyana, ko dai a rage ayyuka, ko a ƙara haraji, ko a nemi dabarar tura matsalar gaba.

Dabarar ƙarshen ce ta fi jan hankali, kuma Chicago ta bar misalin da har yau ake kafa hujja da shi. A watan Disamba na 2008, magajin gari Richard M. Daley ya kawo wa majalisa yarjejeniyar bayar da hayar na'urorin karɓar kuɗin ajiye mota a titunan birnin ga wani rukunin kamfanoni da bankin Morgan Stanley yake jagoranta, na tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Cikin kwanaki kaɗan majalisa ta amince da ƙuri'a 40, biyar kawai suka ƙi. An cike giɓin kasafi ba tare da ƙarin haraji ba, amma a wasu unguwanni kuɗin ajiye mota ya ninka huɗu a shekarar da ta biyo, babban mai binciken birnin ya ƙiyasta cewa an yi arahar kusan dala biliyan ɗaya, kuma cikin 'yan shekaru aka kashe mafi yawan kuɗin.

A garin Bell kuwa, kusa da Los Angeles, mai mutane kusan 35,000, rashin fitowar masu zaɓe ne ya buɗe ƙofar ɓarna. A 2005 an yi wani zaɓe na musamman da bai samu ko mutum 400 ba, wanda ya ba garin damar kauce wa iyakar albashin da jiha ta sa. A 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin, Robert Rizzo, yana karɓar kusan dala 800,000 a shekara, kansiloli huɗu cikin biyar kuma kusan dala 100,000 kowanne a kan aikin da ba na cikakken lokaci ba. A watan Maris na 2011 mazauna suka yi wa kansilolin kiranye.

Detroit

Babu inda zancen kuɗi da zancen unguwa suka haɗu kamar Detroit ta jihar Michigan. Birnin da yake da mutum miliyan 1.85 a 1950 ya koma wajen 714,000 a 2010, masu biyan haraji suka tafi, amma tituna da bututun ruwa da fanshon tsofaffin ma'aikata suna nan. A watan Maris na 2013 gwamnan Michigan, Rick Snyder, ya naɗa Kevyn Orr manajan gaggawa, ikon kuɗi ya fita daga hannun zaɓaɓɓun, kuma a ranar 18 ga Yuli birnin ya je kotu ya bayyana cewa ya kasa biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18. A lokacin, kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa kamawa.

A wannan shekarar ce kuma aka yi zaɓen farko a sabon tsari. Tun 1918 dukan gari ne yake zaɓen kansilolin Detroit tara, har ya zamana unguwanni da yawa ba su da wanda za su ce nasu ne. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2009, aka mayar da kujeru bakwai na mazaɓu, biyu suka rage na gari baki ɗaya. Sababbin kansilolin sun shiga ofis alhali aljihun birni ba a hannunsu yake ba. Shari'ar ta ƙare a Disamba 2014, aka rage fanshon ma'aikatan farar hula da kashi 4.5 cikin 100, kuma zuwa ƙarshen 2016 wata hukuma ta daban da aka kafa don fitilu ta gama kafa sababbi 65,000.

Kasafin da mazauna suke zaɓa da kansu

Wata hanyar sasanta alƙawuran biyu ita ce a ware kuɗi ƙayyadajje a bar mutanen unguwa su yanke abin da za a yi da shi, tsarin da ya samo asali a Porto Alegre ta ƙasar Brazil a 1989. A Chicago kowane kansila yana da kason ayyukan mazaɓa na shekara, kuma a 2009 Joe Moore, kansilan mazaɓa ta 49, ya miƙa wa mazauna nasa kason na dala miliyan 1.3 su kaɗa ƙuri'a a kansa. Wasu kansilolin New York sun bi sahu a 2011. Garin Vallejo na Kaliforniya, wanda ya kasa biyan bashinsa a 2008, shi ne ya fara aiwatar da tsarin a faɗin gari baki ɗaya a Amurka a 2012, da wani kaso na sabon harajin sayayya da masu zaɓe suka amince da shi. Kuɗin da ake warewa ƙanƙane ne idan aka kwatanta da jimillar kasafi, kuma a Chicago abin da mazauna suka fi zaɓa shi ne sabunta kwalta, gyaran hanyar masu tafiya a ƙafa da fitilun titi.