Zaɓen Alamomin Gado da Kwamfuta don Tantance Irin Shuka

Zaɓen alamomin gado da kwamfuta hanya ce ta tsamo 'yan wurare kaɗan a cikin DNA na shuka waɗanda suka isa a bambance wani iri da ɗan'uwansa. Iri biyu na shinkafa ko masara kan yi kama kamar an tsaga kara, alhali a gado sun sha bamban.

Alamomin da aka fi amfani da su biyu ne: SSR, inda wani gajeren jerin haruffan DNA ke maimaita kansa, da SNP, inda harafi ɗaya tak ya sauya. Aikin karanta gadon shinkafa iri 3,000, wanda aka fitar da bayanansa a 2014, ya tono miliyoyin SNP, amma gwajin yau da kullum na 'yan gommai ne. Tunda SNP galibi fuska biyu gare ta, guda 10 ba za su raba tsarkakan iri fiye da 1,024 ba, kuma a aikace da wuya a kai nan.

Tsohuwar dabara ita ce auna kowace alama ita kaɗai da ma'aunin PIC, wato makin da ke nuna yadda alama ke iya bambance iri, wanda David Botstein da abokan aikinsa suka gabatar a 1980. Rauninta babba ne. Alamomin da ke kusa da juna a kan kuromosom (dogon zaren DNA) guda galibi tare ake gadonsu, saboda haka ko kowacce ta ci maki mai yawa, labari ɗaya suke maimaitawa. Abin da ake nema shi ne alamar da za ta raba irin da sauran suka kasa rabawa.

A nan lissafin ke yin nauyi. Idan aka haɗa iri 1,000 biyu-biyu, sukan ba da tagwaye 499,500, kuma dole a raba kowane biyu. Gano mafi ƙarancin alamomin da za su yi hakan dangin matsalar rufe rukuni ne (zaɓen mafi ƙarancin rukunai da za su ƙunshi komai), wadda Richard Karp ya jera cikin masu wuyar warwarewa a 1972. Shi ya sa aka fi bin hanyar haɗama: kwamfuta ta ɗauki alamar da ta raba tagwaye mafi yawa, ta cire su daga lissafi, ta sake zaɓe a kan ragowar har su ƙare. Tana da sauri, ko da yake takan ɗauki alamomi fiye da yadda ake buƙata.

Masu taka-tsantsan kan shardanta cewa kowane iri biyu su saɓa a alama biyu ko uku aƙalla, domin kuskure ɗaya a ɗakin gwaji ya isa ya ba wani iri sunan da ba nasa ba.