Taɓin hankali a tsofaffin finafinan ban tsoro: abin da mai kallo zai lura da shi

A shekarar 1960 Alfred Hitchcock ya fitar da fim ɗin Psycho a Amurka, inda aka nuna wani matashi mai kula da masauki, Norman Bates, yana sanya kayan mahaifiyarsa da ta mutu, yana kashe baƙi da wuƙa. Irin waɗannan finafinai sun taimaka wajen dasa wa masu kallo tunanin cewa duk wanda hankalinsa ya taɓu abin gudu ne. Mu da muke jinyar masu wannan lalura abin da muke gani daban ne, domin mafi yawansu ba sa cutar da kowa, hasali ma su ake duka, su ake ɗaurewa da mari, su yara suke jifa a titi.

Fim ɗin da nake ganin ya fi kusa da gaskiya shi ne Repulsion, wanda Roman Polanski ya shirya a 1965. Wata budurwa ce mai suna Carol, yayarta ta tafi hutu Italiya ta bar ta ita kaɗai a gidan haya a Landan, duk da ta roƙe ta kada ta tafi. Sannu a hankali ta daina zuwa aiki, ta ja labule ta zauna cikin duhu, naman zomo yana ruɓewa a faranti ƙudaje suna bin sa, dankali ya fara tsiro a kicin, ita kuwa tana ganin bango yana tsagewa, hannaye suna fitowa daga cikinsa. Kisan da ta yi daga baya kayan jan 'yan kallo ne. Amma keɓewar nan, da barin abinci da tsafta, da ganin abin da babu shi, alamomi ne da muke cin karo da su a asibiti, kuma kamar a fim ɗin, na kusa ba su cika lura da wuri ba.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 300 yana fama da sikizofireniya, wato cutar taɓin hankali mai irin waɗannan alamomi, wadda takan ɓullo tun daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma tana jin magani. Idan ɗanku ya kulle kansa a ɗaki, ya daina wanka da barci, yana amsa muryoyin da ba ku ji, ku kai shi asibiti, ku gaya wa likita lokacin da abin ya fara, da ko ya yi zazzaɓi ko yana shaye-shaye. In an ba shi magani, kada a dakatar don an ga sauƙi sai likita ya ce.