Koya wa yaran kwaleji aikin fim a lakwal ɗin da ba ta da kaya: amsoshin tambayoyinku

Tun da muka fara zama da yaran kwaleji a nan Tawa muna koya musu haɗa ƙananan finafinai da salula, iyaye da malamai suke tare ni da tambayoyi, wasu a bakin masallaci wasu a WhatsApp. Na tattara waɗanda suka fi yawa, ga su da abin da nake gani.

Lakwal ɗin da tebur bai isa ba, wasu azuzuwan ma na zana ne, ina ita ina fim?

Mai wannan tambaya yana da gaskiya, kuma ni ba zan taɓa cewa a ɗauki kuɗin tebur a sayi kamara ba. Abin da nake cewa shi ne aikin nan ba ya cin kuɗin da mutane suke zato. Mu mutanen Tawa ma bai kamata mu yi wannan shakka ba, don Moustapha Alassane a garin nan ya yi zamansa na ƙarshe. An haife shi a 1942, kuma tun yana yaro da fitila da kwali ya fara, yana yanka siffofi yana nuna inuwarsu mutane suna taruwa suna kallo. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane, ya dawo ya zama cikin na farko-farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka, da kwaɗin finafinansa da aka san shi da su. Otel ɗinsa na nan Tawa ya mai da wani sashe nasa wurin aiki har rasuwarsa a 2015, Allah ya jiƙansa. Yaran da nake zama da su mafi yawansu ba su taɓa jin sunansa ba, wannan abu yana ci min rai ƙwarai, shi ya sa da labarinsa nake buɗe zaman farko.

To wane kaya ake buƙata?

Salula biyu da katin memwar, sai fawa bank saboda kuran da ake ɗaukewa. Ɗaya ta ɗauki hoto, ɗaya ta ɗauki murya, kuma a nan ne zan ja dogon bayani don murya ita ce take kashe finafinan yara. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu amma in bai ji abin da ake faɗa ba minti ɗaya ba zai yi ba ya tashi. Salular da ke ɗaukar hoto tana nesa da mai magana, abin da take kwasowa ƙarar moto ne da kukan awaki da iska, to sai a kunna rakoda a ta biyun a sa ta a aljihun gaba na mai maganar ko a ɓoye ta kusa da shi, kafin a fara wasa yaro ɗaya ya tsaya gaban kamara ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, wannan tafin shi ne alamar da za a daidaita murya da hoto da ita wajen montaji, wato yankawa da harhaɗa abin da aka ɗauka. Lokacin hunturu in iska tana kaɗawa a rufe bakin salular da safa mai tsabta, yana ragewa sosai. A sa duka biyun a yanayin jirgin sama kar kira ya katse aiki.

Haske kuwa kyauta ne, sai dai a san lokacinsa: da safe kafin rana ta take, ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa ido ya faɗa cikin inuwa. Kwali da aka liƙa wa farar takarda ya isa ya mayar da haske kan fuska. A riƙe salula a kwance, a jingina ta da bulo ko a ɗaure ta a sanda in hannu yana rawa. Montaji ana yi da CapCut ko KineMaster a salula, in akwai kwamfuta Kdenlive da Shotcut kyauta ne.

Daga ina darasi yake farawa?

Daga allo. Zaman farko ba na ba su salula. Ina cewa kowane rukuni ya kawo labarin da za a gane shi da hoto biyar ba tare da an yi magana ba, misali yarinya ta ɗebo ruwa bokitin ya tsage a hanya. Su zana hotunan biyar ɗin ko da zanen bai yi kyau ba, su faɗi wanne za a ɗauka daga nesa, wanne daga ƙugu zuwa sama, wanne fuska kaɗai ko hannu kaɗai, kuma su faɗi dalili. Wannan "dalili" shi ne darasin gaba ɗaya. Yaron da ya saba kwafe abin da malami ya rubuta ya haddace ya mayar, yau an ce shi zai yanke shawara kuma ya kare ta gaban abokansa, za ka ga yana gumi, bayan ɗan lokaci kuma za ka ga ya fara gardama da hujja.

Sai rubutu. Ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ita ce shafi ɗaya na senariyo, wato rubutaccen labarin fim, kamar minti ɗaya ne na fim, don haka shafi uku ya ishe su. A raba aiki, mai ba da umarni, mai kamara, mai murya, mai rubuta abin da aka ɗauka, ƴan wasa, kuma a riƙa juyawa, in ba haka ba samarin da suka fi baki za su riƙe salula har ƙarshe ƴan mata su koma kallo. Ga masu kunyar fitowa akwai aikin yumɓu ko kwali: a motsa kaɗan a ɗauki hoto, hoto 12 ya ba da daƙiƙa ɗaya, minti ɗaya kenan hoto 720. Suna koyon haƙuri da lissafi a wuri ɗaya.

Ba zai hana su karatu ba, musamman ƴan BEPC, jarabawar ƙarshen kwaleji?

Ƴan ajin jarabawa ba na ɗaukarsu sai in lokacin hutu ne. Sauran kuma zama ɗaya a mako ya wadatar.

Da wane harshe za su yi?

Da wanda suke magana da shi a gida, Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ko Zabarmanci. Yaro in ka tilasta masa wasa da Faransanci jikinsa sandarewa yake yi. Bayan an gama sai su zauna su fassara maganar su rubuta ta da Faransanci a ƙasan hoto, nan malamin Faransanci zai samu aikin da yara suke yi da son ransu. Kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba abin jin nauyi ba ne a yi aikin lakwal da ita.

Ni uba ne, ina tsoron ɗiyata ta ƙare a TikTok. Mi za ka ce min?

Baba, tsoronka a kan hanya yake kuma ba zan raina shi ba. Sharuɗɗan da na tsaya a kansu: ba yaron da zai fito a hoto sai da yardar iyayensa a rubuce, ana aiki da rana cikin lakwal ko cikin unguwa da sanin mai unguwa da babban mutum a wurin, iyaye da COGES, kwamitin kula da lakwal, su ne masu kallon farko, kuma ba a sa komi a intanet sai kowa ya amince. Katin memwar yana kwana wajen malami. A halin tsaron da muke ciki kuma ina jan kunnensu kar su kuskura su nuna salula wajen sojoji ko jandarma ko wani ginin hukuma. Ina ƙara da cewa yarinyar da ta san yadda ake yanka bidiyo a ɗora masa wata murya ta fi wuyar yaudara da bidiyon ƙarya da ke yawo a WhatsApp. Aïcha Macky ta Damagaram da Rahmatou Keïta mata ne masu shirya fim ƴan ƙasar nan da aikinsu ya zagaya duniya da mutuncinsu.

Wane irin labari suke kawowa?

Da farko kwaikwayo, soyayya irin ta finafinan Kano ko faɗa irin na Indiya. Ba na hana su, ina dai tambaya: a gidanku mi ya faru bara? Nan abin yake fitowa. Uba ya tafi cin rani Abijan ko Libiya shekaru ba labari, wa ke riƙe da gida, yaya uwa take yi ranar da aka kori yaro saboda littafi. Wannan labari ne na yankinmu na Adar da ba wanda zai zo daga waje ya faɗe shi yadda suka san shi. Ina ba su misali da Sani Magori, wanda a 2008 ya yi fim kan albasar Galmi da yadda auren ɗiyar manomi ya rataya a kan kuɗinta, abu na ƙofar gida amma aka kalle shi a ƙasashe da yawa.

A ƙarshe akwai abinci a ciki?

Ba zan yi wa yaro alƙawarin zai rayu da fim ba, kasuwar sinima a Nijar ƙarama ce, gidajen kallo na da sun rufe. Amma hanya tana nan ga wanda ya dage: makarantar IFTIC a Yamai tana horar da masu aikin rediyo da telebijin da fim, akwai kuma FESPACO, bikin finafinan Afirka a Wagadugu, inda Oumarou Ganda ɗan Nijar ya ci babbar kyauta a 1972, shi ne na farko da aka ba ita. Na kusa kuwa shi ne ɗaukar bidiyon biki da suna, tallan ƴan kasuwa, aikin gidajen rediyo da ƙungiyoyi, waɗannan ana biyan kuɗi a kansu yau a cikin garin nan, kuma wanda ya iya ɗaukar murya mai tsabta shi ake sake kira.