Waiwaye: Gine-ginen Zamanin Turawa a Kano da Halin da Suke Ciki

A watan Fabrairun 1903 ne dakarun Ingila ƙarƙashin Kanal Morland suka ci birnin Kano, a lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Da ƙura ta lafa aka naɗa Sarki Abbas, Turawa suka fara zama a gidajen da suka tarar, har da wani sashe na Gidan Makama. Amma ba su daɗe a cikin ganuwa ba. Sun koma gabas, wajen Nassarawa da Bompai, kuma daga wannan ƙaura aka samu Kano ta biyu, wadda har yau ake kira waje.

Tsarin da suka shimfiɗa na raba jama'a ne. Bature a Nassarawa, cikin manyan filaye da itatuwa. 'Yan kudu masu aikin reluwe da akawu a Sabon Gari. Kwarori, wato Larabawan Siriya da Labanon, kusa da Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Dokar garuruwa ta 1917 ta kuma tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don gudun sauro da cuta. Filin ya cike da gidaje tuntuni, amma rabon unguwannin yana nan.

A cikin abin da ya saura, babu kamar Gidan Ɗan Hausa. Nan Hanns Vischer ya zauna, mutumin Suwizalan da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, wanda iya harshensa ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Duk wanda ya shiga zai ga cewa aikin maginan Kano ne tsantsa: tubali da azara, katanga mai kauri da ke riƙe sanyi ko a tsakiyar bazara, rufin ɗaurin guga, ga zankwaye a saman soro. Bature ya kawo manyan tagogi da matakalar bene da tsarin ɗakuna, magini ya kawo hannunsa da ilmin da ya gada. Yanzu gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911, shi ne kuma ya juya akalar gari. Kamfanonin Turawa suka jera kantuna da sito kusa da tasha, gyaɗa ta yi daraja, su Alhassan Ɗantata suka shiga harkar, dalar gyaɗa ta tashi. A 1925 jirgin sama na farko ya sauka. Daga nan En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarki, ta karɓi ragamar gini da kuɗin baitulmali: asibitin birni da yanzu ake kira Asibitin Murtala, makarantar Midil da ta zama Kwalejin Rumfa, ruwan famfo daga Challawa, sai sabon babban masallaci da aka kammala a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa gine-ginen nan kayan Nasara ne, a bar su su rushe ba. Harajin talakan Kano da jangalin Fulani ne suka biya yawancinsu, gumin 'yan ƙasa ne ya ɗora su. Ko zaluncin da ke cikin tarihin, ginin ne ke ba da shaidarsa ga yaron da bai ga zamanin ba.

Tun bayan samun 'yancin kai a 1960 gidajen Turawa suka koma hannun gwamnati, daga baya aka sayar da da yawa daga ciki. A Nassarawa ana yanka tsofaffin filaye, a sare itatuwa, a tayar da benaye da rukunin shaguna. Tsofaffin kantunan gefen tasha wasu sun canza kama har ba a gane su. Ginin ƙasa kuwa yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma masu wannan sana'a sai raguwa suke yi. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna da hukumomin da ke kula da su, sauran kuwa makomarsu na hannun duk wanda ya mallaki filin.